Zaga Duniya: Matakala 600 Zuwa Saman Matsirgar Vernal

 

Makarantu da dama sukan shirya wa ɗalibansu ziyarar buɗe ido kafin a tafi hutu, kuma cikin wuraren da aka fi son zuwa akwai matsirgar ruwa, wato inda kogi yake tsirgowa daga saman dutse ya faɗo ƙasa. Wasunku sun je Gurara, wasu Farin Ruwa, wasu kuma suna nan suna ƙirga kwanaki kafin ranar tasu tafiyar. Saboda haka a wannan makon za mu leƙa Amurka, mu bi wata sananniyar hanyar ƙafa da take kai mutum saman matsirga a cikin gandun dajin Yosemiti. Tsawon hanyar kusan kilomita 2 ne, irin nisan da wasunku suke takawa kullum daga gida zuwa makaranta. Duk da haka hukumar gandun ta sa ta cikin jerin hanyoyi masu wahala, kuma an sha rasa rayuka a gefenta. Za mu ga dalili, domin darasin da ke ciki zai yi muku amfani a bakin kowane ruwa.

Inda wurin yake

Yosemiti yana jihar Kalifoniya a yammacin Amurka, cikin jerin tsaunukan da ake kira Sierra Nevada. Gandun daji ne na ƙasa, wato yankin da gwamnati ta keɓe, ta hana farauta da saran itace da noma a cikinsa, domin jama'a su riƙa zuwa kallo, masana kuma su riƙa bincike. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 3,000. Miliyoyin mutane ne suke ziyartarsa kowace shekara, kuma yawancinsu a wuri guda suke taruwa, wani kwari mai tsawon kusan kilomita 12 wanda manyan duwatsu suka tsare hagu da dama. Ɗaya daga cikin duwatsun, El Capitan, bango ne miƙaƙƙe mai tsayin kusan mita 900. A kwarin ne kuma babbar matsirgar Yosemiti take, wadda ruwanta yake faɗowa daga tsayin mita 739.

Tun kafin Turawa su san da kwarin akwai masu shi, wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Ahwahneechee. A shekarar 1851, lokacin da ake rububin haƙar zinare a Kalifoniya, wata rundunar mayaƙan sa-kai ta shiga kwarin domin ta kore su. Wani ɗan rundunar, Lafayette Bunnell, shi ya raɗa wa matsirgar da za mu hau sunan Vernal, kalmar da ke nufin lokacin da sanyi yake ƙarewa, ciyayi suke tohowa. Masu wurin kuwa Yan-o-pah suke ce mata, ma'ana ƙaramin gajimare. Idan muka isa gindinta za ku yanke hukunci da kanku a kan wanda ya fi iya raɗa suna.

A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin domin amfanin jama'a. A 1890 aka mayar da yankin da ke kewaye da shi gandun daji na ƙasa, bayan fafutukar mutane irin su John Muir, wani ɗan asalin Sikotilan da ya shafe shekaru yana yawo a tsaunukan yana rubutu a kansu. A 1984 hukumar UNESCO ta sa Yosemiti cikin wuraren gado na duniya.

Aikin ƙanƙara

Masu darasin labarin ƙasa, ku matso kusa. Yawancin duwatsun Yosemiti giranit ne, irin dutsen nan mai tauri da ake farfasawa a yi tsakuwar gini. Abin da ya sassaƙa su kuwa ƙanƙara ce. A zamanin da duniya ta yi tsananin sanyi, dubban shekaru da suka shuɗe, dusar ƙanƙara ta riƙa taruwa a kan tsaunukan shekara bayan shekara ba ta narkewa. Ta sama ta danne ta ƙasa har ta zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai kauri, nauyinta kuma ya sa ta fara gangarowa a hankali kamar kogi.

Wannan kogin ƙanƙara aiki biyu ya yi. Inda ya tarar dutse yana da tsaga, sai ya ɓamɓare manyan ɓangarori ya tafi da su. Inda ya tarar da dutse a dunƙule, sai ya goge shi ya bar shi sumul. Da ƙanƙarar ta narke, sai ga kwarin Kogin Merced ya zama hawa-hawa kamar matakalar wani ƙato. A hawa na sama ruwa yana faɗowa mita 181, wannan ita ce matsirgar Nevada. A hawa na ƙasa yana faɗowa mita 97, wannan ita ce Vernal. Ku riƙe maganar gogaggen dutsen nan, za mu dawo kanta.

Ruwan Merced yawanci daga narkewar dusar ƙanƙara yake samuwa. Shi ya sa kogin ya fi cika a watannin Mayu da Yuni, lokacin da rana ta fara zafi a kan tsaunuka. Zuwa Agusta da Satumba ruwan ya ja baya sosai, har babbar matsirgar Yosemiti takan ƙafe a shekaru da yawa. Vernal kuwa ba ta ƙafewa, sai dai ta rame.

Zango na farko: zuwa gada

Tafiya tana farawa daga wani wuri mai suna Happy Isles a ƙarshen kwarin ta gabas, inda motar bas ta kyauta take sauke maziyarta. Wurin yana da tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, wato kusan tsayin da birnin Jos yake. Da farko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce mai kwalta, itatuwa sun yi mata rumfa, kogi yana ruri daga gefe. A nan ne sabon shiga yake yaudarar kansa, ya ce ashe abin wasa ne, ya sa gudu. Kafin ya yi minti goma numfashi ya fara gagararsa, domin hanyar hawa take yi ba ƙaƙƙautawa.

Bayan kilomita 1.3 da hawan kusan mita 120, sai a iso wata gada da ta ƙetare kogin. Daga kan gadar ne ake fara hango Vernal can nesa tsakanin itatuwa, fara tas kamar an rataye zane. A lokacin da maziyarta suka fi yawa akwai famfon ruwan sha da makewayi a wurin, kuma daga nan babu sauran famfo a gaba. Mutane da yawa a nan suke ɗaukar hoto su juya, kuma babu laifi a hakan. Wanda ya san ƙarfinsa ya tsaya inda ya dace ya fi wanda aka sauko da shi a kan makara ta masu ceto.

Ga wanda zai ci gaba kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Nisan da ya rage bai kai wanda aka riga aka yi ba, amma hawan da ya rage ya fi na baya.

Zango na biyu: cikin feshi

Kaɗan bayan gadar hanya takan rabu biyu. Wadda ta bi gefen kogi ita Turawa suke kira Mist Trail, wato Hanyar Feshi. Kwalta ta ƙare, sai matakalar dutse sama da 600 da aka jera a jikin tsauni. Ba irin matakalar benen makarantarku ba ce da magini ya auna ya daidaita. Wata gajeriya ce, wata kuma sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai, har ya dafa gwiwa da hannu.

A watannin da kogi ya cika, ruwan da ya faɗo ya daki duwatsun ƙasa yakan tarwatse ya tashi kamar hayaƙi, iska ta kwaso shi ta watsa wa masu hawa. Rana tana sama, babu hadari, amma mutum ya jiƙe sharkaf. Ƙarar ruwan takan kai ga sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji. Ga matakala a jiƙe, ga gansakuka a wasu wurare, ga gangare a gefe guda zuwa cikin kogi. Ga shi kuma masu hawa da masu saukowa hanya ɗaya suke bi, sai an riƙa ba juna wuri.

Ladan wannan wahala shi ne bakan gizo. Ɗigon ruwan da ke yawo a iska yana lanƙwasa hasken rana ya rarraba shi zuwa launukansa, kamar yadda kuka gani a darasin haske. Sharaɗin ganinsa ɗaya ne: rana ta kasance a bayanku, feshin yana gabanku. Wannan doka ce da take aiki a ko'ina, don haka ku gwada ta ranar da kuka je matsirga mafi kusa da ku, ko ma a gida da tiyon ban ruwa da hantsi.

Dab da ƙarshe hanyar takan matse ta zama siririyar baranda da aka sara a jikin dutse, an kafa mata shingen ƙarfe na riƙewa. Da an wuce ta sai a fito wani faffaɗan falalen dutse. An iso saman Vernal.

Mu ɗan yi lissafi

Daga Happy Isles zuwa nan an hau kusan mita 300. Idan hawa ɗaya na bene mita 3 ne, kun hau bene mai hawa 100 ke nan. Wanda ya taɓa wucewa ta gindin Dutsen Zuma a hanyar Abuja zuwa Kaduna ya ɗaga kai ya kalle shi, to kusan tsayinsa ke nan daga ƙasan da ke kewaye da shi. Wannan ne dalilin da ya sa kilomita kaɗai ba ta isa a auna tafiyar dutse ba. Dole a yi tambaya biyu: nawa ne nisan, nawa ne kuma hawan?

A 1892 wani mai hawan tsaunuka ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fito da wata ƙa'ida ta ƙiyasta lokaci wadda ake amfani da ita har yau. A ware awa 1 ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowane hawan mita 600. Mu gwada ta a kan hanyarmu. Zuwa da dawowa kusan kilomita 4 ne, wato minti 48. Hawan mita 300 kuma minti 30. Jimla minti 78. Amma hukumar gandun cewa take a ware kusan awa 3. Bambancin ya zo ne daga cewa ƙa'idar Naismith ta mai ƙarfin jiki ce da ba ya tsayawa, ba ta san da santsi ko cunkoso ko hutu ba. Ayarin ɗalibai kuwa da saurin wanda ya fi kowa jinkiri yake tafiya. Idan kuna taya malaminku tsara tafiya, ku yi lissafin, ku ninka shi biyu, sannan ku tabbata za ku sauko da sauran rana.

Ga na masu fiziks. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 97, idan muka ajiye turjiyar iska gefe, zai ɗauki kusan daƙiƙa 4 da rabi kafin ya kai ƙasa, kuma zai iso da gudun kusan mita 44 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 150 a awa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tankin da faɗinsa da tsawonsa da zurfinsa duk mita ɗaiɗai ne yana cin lita 1,000, wato tan guda. Yanzu kun san abin da yake haddasa wannan ƙara.

Inda haɗarin yake

Da za a tambayi wanda bai san wurin ba inda ya fi haɗari, zai nuna matakalar nan mai santsi. Gaskiya ne ana zamewa a ji ciwo a kanta. Sai dai a kan matakala kowa a tsorace yake, idonsa yana kan ƙafarsa, hannunsa yana neman abin riƙewa. Tsoron nan shi yake tsare shi. A sama ne tsoron yake gushewa. An gaji, an yi gumi, an ji daɗin isowa, ana raha ana ciye-ciye. Ga kuma wani tafki a kwance kaɗan daga bayan bakin matsirgar, mai ruwa kore garau, ana kiransa Emerald Pool. Duk wanda ya gan shi sai ya ji sha'awar tsoma ƙafa. An hana shigarsa, an kafa alluna, an kuma sa shingen ƙarfe a bakin matsirgar.

A watan Yulin 2011 wasu matasa uku, dukansu 'yan shekara ashirin da wani abu, suka tsallake wannan shinge suka shiga ruwa 'yan mitoci kaɗan daga baki. Mutanen da ke wurin sun yi ta kiransu su dawo. Ɗaya ya zame, sauran suka yi ƙoƙarin ceto, ruwa ya tafi da su duka ukun a gaban 'yan'uwansu. A watan Agustan 2012 kuma, lokacin da kogin ya riga ya ja baya, wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suka shiga ruwa kusa da gadar nan ta ƙasa domin su sha sanyi, ruwa ya ja su, aka rasa su.

Abu huɗu ne suke haɗuwa a irin wannan wuri. Na farko, dutsen da ke ƙarƙashin ruwan gogagge ne, ƙanƙara ta goge shi, ruwa ya ƙara gogewa, gansakuka kuma ta lulluɓe shi. Tafin ƙafa ba ya samun abin kamawa. Na biyu, saman ruwa ba ya faɗin gaskiyar abin da ke ƙasa. Lumbu-lumbu ne, wutar ƙaiƙayi: duk ruwan da kuke gani yana zuba a matsirga ta cikin wannan tafki ya ratso. Na uku, ƙarfin turin ruwa yana ƙaruwa fiye da yadda ido yake zato. Idan gudunsa ya ninka biyu, turinsa ya ninka huɗu, ga shi kuma ruwa yana rage wa jikin da ke cikinsa nauyi, ƙafa ta kasa danne ƙasa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato rabin rular da ke cikin jakarku, yana iya kayar da babban mutum. Na huɗu, ruwan Merced narkakkiyar ƙanƙara ce. Wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ya shaƙi ruwa, cikin 'yan mintoci kuma hannu da ƙafa su daina yi masa biyayya. Gwanin iyo ma ba ya tsira da gwanintarsa a nan.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mu ɗin ne dai muke cewa rigakafi ya fi magani. Shingen yana nan, allon yana nan, masu kira suna kira. Abin da ya rage taku ɗaya ne da mutum yake da ikon ya fasa.

Akwai kuma darasi mai ɗaci a abin da ya faru a 2011: mai ceto ma ruwa yana cinsa. Idan abokinku ya faɗa ruwa mai gudu, zuciya za ta ce ku bi shi. Kada ku bi. Ku yi ihu a kira manya. Ku kwanta rubda ciki a busasshen wuri ku miƙa masa sanda ko doguwar riga, ko ku jefa masa igiya ko jarka marar komai mai murfi. Masu aikin ceto haka ake koya musu: a fara da miƙawa, sannan jefawa, shiga ruwa kuwa sai wanda aka horar kuma yake da kayan aiki.

Saukowa

Isa sama rabin tafiya ne. Saukowa ta fi cin gwiwa, ƙafa ta riga ta gaji, hankali kuma ya koma kan mota da abinci. Masu dabara da yawa ba sa komawa ta matakalar. Sukan ƙara gaba kaɗan su haɗu da Hanyar John Muir, wadda ta fi tsawo amma ba ta shiga feshi, su zagayo su sauko gada. Da hunturu ma hukumar takan rufe ɓangaren matakalar saboda ƙanƙara da faɗowar duwatsu. Wani abin da za ku gani a saman shi ne kurege, sun saba da mutane har suna zuwa roƙon abinci. Doka ta hana a ba su, domin dabbar da ta saba da abincin mutane takan bar neman nata, kuma takan yi cizo.

Namu na gida

Mu ma muna da gandun daji mai tsaunuka. Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru, shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya kai ninki biyu na Yosemiti, kuma a yankinsa ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a ƙasar nan, mai mita 2,419. Ta fuskar matsirga kuma akwai Gurara a Jihar Neja mai tsayin kusan mita 30, da Farin Ruwa a yankin Wamba ta Jihar Nasarawa, da Assop a gefen tsaunukan Filato, da wadda ke kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna, wadda sunanta ma Matsirga.

Bambancinmu da Yosemiti shi ne namu ruwan na damina ne. Wannan ya kawo wani haɗari na daban: ana iya tafka ruwan sama can nesa a inda kogin ya faro, alhali inda kuke rana ce tarwai. Bayan ɗan lokaci sai ruwan ya iso gaba ɗaya. Alamominsa su ne ruwa ya fara canja launi zuwa ja ko ruwan ƙasa, ya fara kawo karmami da itace, ƙararsa ta ƙaru, ko ku ga dutsen da yake a bushe ɗazu ya fara nutsewa. Da kun ga ɗaya daga ciki, ku hau tudu nan take, ku bar takalmi da kwano. Sannan ba ko'ina za ku tarar da shinge ko allon gargaɗi ba. Inda babu shinge, ku shata wa kanku: inda dutse ya fara jiƙa, nan iyakarku.

Kafin ku hau mota

Takalmi shi ne kan gaba. Ku sa kambas mai tsagin ƙasa wanda ya kama ƙafa. Silifa da takalmi mai tsini da sabon takalmin da bai saba da ƙafa ba, duk a bar su a gida. 'Yan mata masu doguwar riga ko dogon hijabi su kula kada gefensa ya riƙa shiga ƙarƙashin ƙafa a kan matakala, a zaɓi wanda bai ja ƙasa ba. Ku zuba kayanku a jakar goyo domin hannu biyu su zama a sake. Kowa ya riƙe ruwan shansa, kada a dogara da ruwan kogi komai haskensa. A ɗan riƙe dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da leda ta naɗe waya, da wata ledar ta kwaso shara. Duk abin da kuka shiga da shi ku fito da shi. Mai asma ko sikila ko farfaɗiya ya sanar da malami tun kafin a tashi, ya kuma riƙe maganinsa. Ba abin kunya ba ne.

A kan hanya malami ɗaya ya kasance a gaba, ɗaya a baya, kada kowa ya wuce na gaba ko ya tsaya bayan na baya. Kowa ya sami abokin tafiya da zai riƙa lura da shi. A ƙirga kai kafin a tashi, da an isa, da kuma kafin mota ta juyo. Ku saurari ɗan jagora na wurin, ya fi ku sanin halin ruwansu.

Sai maganar hoto. Mai ɗaukar hoton ɗauki-kanka bayansa yake juya wa ruwa, idonsa yana kan waya, yana ja da baya domin komai ya fito. Ku tsaya cak a busasshen wuri tukuna, sannan ku fito da waya. Idan kuma wani ya ce muku matsorata don kun ƙi taka wani dutse, ku bar shi ya faɗa. Kalmar ba ta kwana a jikin mutum. Wanda ya ja abokinsa baya daga bakin ruwa, ko da abokin ya yi fushi, ya yi masa abin da ya fi kowace kyauta.

Aikin wannan mako

Na ɗaya: idan tsayin Gurara mita 30 ne, da wane gudu ruwa zai iso ƙasa, idan aka ajiye turjiyar iska gefe? Ku ba da amsa a mita cikin daƙiƙa, sannan ku mayar da ita kilomita cikin awa.

Na biyu: wata hanya tana da nisan kilomita 6 zuwa da dawowa, da hawan mita 450. Minti nawa ƙa'idar Naismith ta ba ta? Idan ajinku ne zai bi ta, kuma kuna so ku dawo mota da ƙarfe 4 na yamma, ƙarfe nawa ya kamata ku fara takawa?

Na uku: wane dutse ko kogi ko tafki ne ya fi kusa da garinku? Ku tambayi wani dattijo asalin sunansa da kuma watan da ya fi haɗari, ku rubuta abin da ya gaya muku cikin layi goma.

Ku aiko da amsoshinku ta adireshin wannan shafi, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga waɗanda suka fi kyau. Masu tafiya ziyara a wannan zango, a je lafiya a dawo lafiya, a kuma dawo mana da labari. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.